Faɗuwar da Ka Yi a Fili

Ɗana,

Ina fatan kana lafiya, kai da Yayarka. Tarin Babanku ya lafa? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da takan kumbura saboda tsayuwar guga a wurin aiki, amma da sauƙi.

Yayarka ta turo min bidiyon wasanku na ƙwallo. Da alfahari na nuna wa abokan aiki, sai ga ka a ƙasa riƙe da fuska, an ba abokin karawarka jan kati. Gardama ta kaure. Direba ya ce wayo ne, haka ƙwallo take. Mai gadi ya ce alƙalin wasa ya yi zalunci. Suka ce, "Uwar ɗan wasa, ke fa?" Na karɓi wayata na koma guga.

Sau biyar na kalla. Hannunsa bai taɓa ka ba. Na san faɗuwar nan, da ita kake sa a doki Yayarka kuna ƙanana.

Ka je gidansu ka ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa. Ni da gwiwata ke ciwo da gaske, ban taɓa kwantawa a ƙasa don a gani ba.

Allah ya shirya min kai.

Mamarka