Bangon Gabas na Ɗakin Inna

Allakaye, ƙarshen damina.

Zuwa ga yayana Almu, a Abidjan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Fiddausiya da yara, ya buɗa maka ƙofofin kasuwa, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Gero ya nuna, dawar fadama ma ta yi kai, maigidana Yusuf kullum yana gona, ɗiyata Fatiha kuma ta ci jarabawa, za ta shiga kolej a Bouza in an koma lakwal, wato makaranta. Inna da sauƙi, tana cin abinci, tana salla daga zaune. Na zaɓi rubutu ne don duk lokacin da ka kira waya tana gefena tana saurare, maganar da ke raina kuwa ba ta faɗuwa a gabanta.

A waya na ce maka ruwa ne ya kada bangon gabas na ɗakin Inna. Ban yi ƙarya ba, amma ban gaya maka duka ba. Ka tuna kayan da ka aiko a kamiyo, babbar motar kaya, kafin damina: shuɗiyar leda mai kauri, da fallayen tol, kwanon rufi, da sababbin indararo. Ka ce a kware ƙasar rufin, a shimfiɗa ledar bisa azara, a lanƙwaso ta ta rufe kan bango, sannan a mayar da ƙasa a yi yaɓe. Tol ɗin kuma a yanka a sa ƙarƙashin indararo da saman taga, inda ruwa ke sulalewa cikin gini. Ka ce kada kowa ya taɓa aikin sai Ɗanlami, tunda shi magini ne, kuma namu ne. Ni ma haka na gani. Ɗan ƙanen Baba ne, amma tun uwarsa ta rasu yana jinjiri Inna ta ɗauke shi, nono ɗaya munka sha da shi, akushi ɗaya munka ci. Wa zai yi zargin hannunsa na dama?

Ya zo daga Galma Koudawatché ya yi kwanaki yana aiki. Lokacin ina fama da shuka, ban hau saman ɗakin ba ko sau ɗaya. Ranar da ya gama ina tsakar gida. Ka san idanun Inna sun yi rauni, sai ya kama hannunta ya kai ta bakin taga, ya ɗora yatsunta a kan bakin leda da ya leƙo ƙarƙashin yaɓe, ya ce ta taɓa ta ji, ko kogi ya zubo daga sama ɗigo ɗaya ba zai same ta ba. Inna ta shafa kansa ta yi ta sa masa albarka har ta yi hawaye. Ta sa na yanka masa zabo.

Ruwan da ya yi ɓarnar da hantsi ya sauko, da iska daga gabas. Dama tun farkon watan ina ganin jiƙa a bangon daga ciki, na kira Ɗanlami ya ce sabon yaɓe ne ke gumi. Ina madafa na ji ƙara kamar an kada rumbu. Ko da na fito, bangon ya zube ciki, azara ta danne ƙafar Inna, tana kiran sunan Allah cikin laka. Maƙwabta sunka taru sunka fiddo ta, munka ɗora ta a amalanke har bakin hanya, daga nan mota ta kai mu asibiti a Bouza. Likita ya ce ƙashin cinya ya karye, kuma a shekarunta ko ya haɗe da wuya ta rabu da sanda.

Da munka dawo, Yusuf da Gajere maƙwabcinmu sunka shiga kwashe ƙasar. Yusuf ya kira ni gefe ya nuna mini abin da sunka samu: wani siririn ƙyallen leda da bai wuce faɗin tafin hannu ba, wanda anka liƙa a bakin taga da gefen rufi don ido ya gani. Cikin rufin babu komai. Tol ko ɓallin nan babu, indararon ma tsofaffin ne ya shafa wa siminti. Ruwa ya yi ta bi ta kan bango yana shiga ciki duk damina, mu muna barci da zuciya ɗaya.

Yaya, har lokacin ina nema masa uzuri. Na ce ko an sace kayan ne ya ji kunyar faɗa. Sai na shiga mota na tafi Galma ban gaya masa ina zuwa ba. Tun daga nesa na hango sabon rumbun albasa a bayan gidansa, an lulluɓe shi da shuɗiyar leda, an rufa samansa da tol. Da na matsa sai ga sunanka da ka rubuta da jan fenti don kada kaya su ɓace a tasha. Na zauna a ƙasa.

Da Ɗanlami ya fito na tambaye shi, bai musa ba. Ya ce aro ya yi, albasarsa za ta ruɓe in ruwa ya taɓa ta, da niyyar in ya sayar da kaka ya sayi wasu ya mayar. Ya ce ɗakin Inna ya girme mu duka bai faɗi ba, bai zaci damina ɗaya za ta kada shi ba. Na ce to me ya hana shi faɗa, da mun kwashe Inna zuwa ɗakina? Na ce me ya sa ya kama hannun tsohuwa mai raunin ido ya sa ta taɓa ƙarya? Ya sunkuyar da kai. Abin da ya iya cewa kawai, don Allah kada Inna ta ji. Bai tambayi yadda ƙafar take ba sai da na miƙe zan tafi. Da baƙo ne ya yi mana haka da na ce halin duniya ne, amma ƙaiƙayin da ya fito daga cikin riga ya fi ciwo.

Na riƙe maganar, Inna kuwa kullum cewa take ruwan bana ya fi ƙarfin kowane gini, kada a ga laifin yaron, a kira shi da kaka ya sake tayar da ɗakin. Ranar Juma'ar da ta wuce, da ya sayar da albasarsa, ya aiko da tol ɗin a kan amalanke, duk hujin ƙusa, shi bai zo ba. Inna ta ji ƙarar sauke su ta tambaya ko ka sake aiko da wasu ne. Na kasa yi mata ƙarya. Na durƙusa na gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi baki ba. Ta daɗe tana murza yatsunta, sannan ta ce in ba ta ruwa. Tun ranar sunansa bai sake fitowa daga bakinta ba, kuma ta hana ni tayar da maganar a gabanta.

Shawararka nake jira, kai ne babba. Ni dai ba na son zumunci ya tsinke a hannuna, amma ban san da wane ido zan sake dubansa ba. Yusuf zai fara buga tubali da an gama girbi, wannan karon kuma da kaina zan hau in ga an shimfiɗa leda. Jiya na tambayi Inna wa take so ya yi ginin. Ta ce a nemo baƙo, wanda bai sha nononta ba.

Ka gaida Fiddausiya, da Walid, da ƙaramar Husaina da ba mu gani ba tukuna. Ka gaida Abdoulkadir da sauran 'yan garinmu da ke nan. Gogo da Yusuf da Fatiha suna gaishe ku, Inna kuma ta ce Allah ya yi maka albarka, ya maido ka tana da rai.

Taka ƙanwa,
Nasiba