Garin Teku ko Garin Tudu

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Ina Baba da su Auta? Mu lafiya lau muke. Kada karkacewar rubutun nan ta tayar miki da hankali, yatsu biyu ne kawai suka karye.

Ranar Talata da tsakar rana wasu samari suka shigo layinmu da rodi da kwalabe, suna ihu wai baƙi su bar musu gari. Suka jawo mai askin da ke maƙwabtaka da ni, suka yi ta dukansa har ya daina motsi. Ɗayansu ya faɗo shagona, ya kifar da keken ɗinkina, ya take min hannu. Jikarki tana ƙarƙashin tebur, ta cusa ƙyalle a baki.

Dole mu tashi, garuruwa biyu ne a gabanmu. Na bakin teku yana da asibitin masu sikila irin jikar taki, amma can ma an fara ƙona shagunan baƙi. Na kan tudu lafiya ake zaune, sai dai babu likitan da zai duba ta idan ciwon ya tashi.

Babanta ya ce, "Tudu za mu. Ba zan kwashi gawarku a titi ba."

Na ce, "To, a ɗaki za ka ɗauki tata?"

Ya bugo ƙofa ya fita. Da ya dawo, idonsa jajur, ya miƙo min tikitin garin teku guda uku.

Jibi za mu kama hanya. Ki saka mu a addu'a, Inna, don ni na zaɓa.

Taki,
'Yarki mai ɗinki