Mai Sunan Malam

Litinin, 4 ga Nuwamba, 1957

Sani ƙanena ya biyo ta Kiru da motar gyaɗar da yake tuƙawa, ya kawo mini littafi daga Zariya. Bangonsa ya cire, don haka ban san sunansa ba. Ya ce labarin soyayya ne, in ɓoye shi kada Iya surukata ta gani. Na ce me Iya za ta gani a takardar boko?

Tun da na gama ajin Yaƙi da Jahilci a Bebeji, lokacin da na je jinyar Innata, abin da nake karantawa bai wuce takardar yadda ake haƙa masai da ta maganin ƙwarin hatsi ba. Har na haddace su. Yau dai na samu abin da ba masai a ciki.

Talata, 5 ga Nuwamba

A shafi na biyu na ci karo da matsala. Saurayin cikin labarin sunan Malam gare shi. Shekara shida da aurenmu ban taɓa furta sunan nan ba, ko ni kaɗai a ɗaki, kuma ba a nan zan fara rubuta shi ba. Da ido na riƙa tsallake shi.

Amma labari ya yi. Shi mai sunan Malam ɗin gishiri yake sayarwa a kan jaki, yana son wata Hasana mai bakin tsiya. Kakarta, wata tsohuwa da ake ce wa Baturiya, tana da rago da take kwancewa duk ran da saurayi ya zo zance, wai wanda ya iya da ragon shi zai iya da jikarta. Akwai kuma wani Mainasara, attajiri, mai sa riga uku da bazara, yana riƙe takalminsa a hannu don kada ya ƙare. Miyata ta kama saboda shi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Iya uwar Malam da Kande maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli da wasu mata biyu. Ina bakin ƙofata ina dariya ni kaɗai. Kande ta ce ko dai in sam musu ko a nemo mini mai magani. Na karanta musu. Duk inda sunan ya zo sai in ce “Wane”.

Iya ta ce ita ba ta sauraron shirme. Da na zo inda ragon ya kora Wane kan tsamiya, wandonsa ya yage tun daga ƙugu har gwiwa, Hasana tana ƙasa tana tambayarsa nawa mudun gishiri, sai da Iya ta kifar da ƙwaryar gyaɗa don dariya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mata tara yau. Gyaɗar da muka ɗebar wa kwana uku ta ƙare kafin la'asar.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Kande ta tsayar da ni a tsakiyar shafi. “Wai shi Wanen nan ba shi da suna ne, Suwaiba?” Na ce yana da shi, na Malam ne. Ta riƙe haɓa. “Ashe har littafi aka buga a kansa.”

Na yi dariya, na ce ba shi ba ne, ƙirƙira aka yi. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin an buga ƙarya a takarda ba. Takardar haraji gaskiya ce, sammacin alƙali gaskiya ne, me zai sa wannan ta zama daban? Sai Iya ta ƙara wa wutar itace. Ta ce lalle yaron nan (ɗan farinta ne, ita ma ba ta faɗin sunansa) kafin ya koyi ɗinki ya yi shekara biyu yana bin fatake wajen Tudun Wada da Doguwa, kuma har da gishiri a kayansu. “Bai taɓa gaya mini zancen rago ba,” in ji ta, kamar an ci amanarta.

Ya kamata a ce na tsaya na warware musu sosai. Amma ina ɗokin in ga abin da zai faru da Mainasara a bakin rafi, sai na ci gaba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Abin da ke burge ni da Hasana, tana magana ana ba ta amsa. Ta zolaye shi, ya rama, ta yi fushi, ya zo da jakinsa ya ce jakin ne ya matsa a zo biko. Ni kuwa tsakanina da Malam: sannu da zuwa, yauwa, ga abinci, madalla. Ba ya zagi, ba ya duka, ba ya hana ni sutura. Magana ce dai kamar sayen ta yake yi. Daga zaure ƙarar keken ɗinkinsa kawai nake ji, da ita nake gane yana nan.

Ina kishin yarinyar da ba ta ma wanzu ba. Allah ya kyauta.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Malam ya kai riguna kasuwar Kafin Maiyaki, ya dawo fuska a ɗaure. Bai taɓa tuwon ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Ta fashe. Kande ta kai labari duk gidan da ƙuli-ƙulinta ya shiga, mata suka gaya wa mazansu. A Kafin Maiyaki wani mai zare ya ce masa, “Malam, ina labarin ragon?” Wani kuma ya tambaye shi ko shi ya ɗinke wandon da kansa. Mutum uku suka yi masa haka kafin ya gane daga gidansa abin ya fito.

Da safe ya tsaya a ƙofar ɗakina, abin da ba ya yi. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce in ba shi littafin. Na ce saura babi biyu. Ya ce ya bar ni na koyi boko ne don in amfana, ba don in mai da shi abin dariyar kasuwa ba. Ya ce karatu ya ƙare a gidan nan, har wancan da nake rubutu a ciki zai karɓa in ya waiwayo.

Na ce masa ba shi ba ne a ciki. Ya ce, “To me ya sa kike ce masa Wane?” Ta yaya zan amsa wannan?

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na ɓoye wannan a ƙarƙashin kwanukan jere. Ina rubutu a tsaye, kunnena na zaure. In ya karɓe shi, na san hannuna zai mutu kamar na sauran da muka yi aji tare, waɗanda yanzu ko sunansu ba sa iya rubutawa. Ina jin tsoron wannan fiye da fushinsa.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Idan liman ba ya nan Malam ne ke jan salla a masallacin unguwa. Jiya da azahar ya miƙe zai shiga gaba, wani a sahun baya ya kasa riƙe dariya. Malam ya ja baya ya tura wani. Iya ce ta gaya mini, idonta ya yi ja. Sai yau na ji nauyin abin da gaske. Mutumin da bai mallaki komai ba sai wannan girman.

Na leƙa ta danga na wanke Kande tas. Ta ce ita me ta yi, ai abin alfahari ne, duk Kiru wa aka taɓa bugawa a littafi? Na rasa ta inda zan kama ta.

Bai ƙona littafin ba. Iya ta gan shi a aljihun keke, cikin zare. Malam ajami yake karantawa kamar ruwa, amma boko ko harafi ɗaya. Malamin makaranta yana nan kusa, sai dai na san ba zai kai masa ba. In ya kai, kuma aka karanto abin kunya a gabansa fa?

Asabar, 23 ga Nuwamba

Bayan la'asar ya rufe zaure, ya shigo da littafin, ya zauna a kan tabarmata. Iya ta ce za ta je duba wata mai jego, ta fice. Ya ce in karanta daga farko, kada in tsallake komai, yana so ya ji abin da aka ce ya yi.

Na fara. Na zo wurin, na ce Wane.

“Haka aka rubuta?”

Na ce a'a.

“Abin da aka rubuta na ce ki karanta. In sunana ne ina so in ji da kunnena, da sunan ubansa da garinsu.”

Na ce Malam, ka san ba zan iya ba. Ya ce yau ya yafe. Kaza ta shigo ta fita. Daga ƙarshe na faɗa wa tabarma, don ita nake kallo: Hamidu. Ga shi ma na rubuta. Rufin ɗaki bai faɗo ba.

Uban na littafin Ladan ne, garinsu kuma wani gari da babu shi a duniya. Na ɗauka daga nan zai tashi, tun da ya ji abin da ya zo ji. Ya gyara zama ya ce, “Ci gaba.”

A shafi goma da muka yi sunan ya fito sau talatin da ɗaya. Na ƙirga.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Mun zo kan tsamiya. Malam ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna rawa. Na zaci tari ne, har na miƙe zan ɗebo ruwa. Ashe dariya ce. Shekara shida ban san haƙorinsa na gefe ya ɗan karye ba.

Da ya dawo daidai ya ce, “Wannan sakarai ne. Wa ke hawa tsamiya da wando mai kamun ƙafa?” Ya kuma ce Mainasara ya san shi, a Tudun Wada yake, sunansa ne kawai daban. Ya ba ni labarin mutumin har aka kira magariba. Ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon haka ba.

Talata, 26 ga Nuwamba

Mun gama. Babi biyun ƙarshe ni ma ban san abin da ke cikinsu ba, tare muka ji. Ragon ya tunkuyi Mainasara cikin kwatami da rigunansa uku. Shi kuwa mai gishiri ashe wata guda yana zuwa a ɓoye yana lasa wa ragon gishiri, har ya zama yana bin sa kamar ɗan akuya. Tsohuwa Baturiya ta ce an yi mata maguɗi, amma magana ta riga ta fita.

A shafin ƙarshe Hasana ta ce, “Hamidu, tun kana kan tsamiya na gama zaɓe, na bar ka ne ka sha iska.” Na karanta shi yadda aka rubuta. Muryata ta yi wani iri, ban san dalili ba, wataƙila ƙishirwa. Malam ya daɗe yana murza bakin tabarma. Sannan ya ce, “Sake karanta wurin nan, ban ji sosai ba.” Ƙarya yake yi, ɗakin shiru ne. Na sake.

Ya tashi ya bar littafin a kan gadona. Bai ce ya mayar mini ba, bai kuma tambayi wannan da nake rubutu a ciki ba.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Kande ta shigo da gudu. Wai a ƙofar masallaci wani ya sake yi wa Malam zancen rago, Malam ya dube shi ya ce, “Ai mun yi layya da shi tuni, ba a kai maka naka ba?” Aka yi ta dariya, har liman. Da la'asar shi ya ja salla, ba wanda ya motsa. Kande ta ce, “Kin gani, da bakinsa ya amsa.” Na ƙyale ta. Ba ni da ƙarfin Kande.

Litinin, 2 ga Disamba

Mata sun dawo jin babi biyun da suka rage, sha ɗaya har da matar liman. Na koma cewa Wane, ai ba zan faɗa a gaban Iya ba. Ƙarar keke ta tsaya tun daga shafin farko, ba ta tashi ba sai da na rufe littafin.

Ba wani abin da ya canja a gidan nan. Sannu da zuwa, yauwa. Sai dai jiya ya tsaya a tsakar gida ya tambaye ni yaushe motar Sani za ta sake biyowa, wai yana da saƙon allurar keke zuwa Zariya. Allura tana nan cike da gwangwani, ni nake share zauren.

Na rubuta wa Sani takarda, na ce ya nemo wani littafin, mai ban dariya, mai tsawo. Na so in ƙara masa cewa ya duba sunan saurayin tukuna kafin ya saya. Har na ɗora fensir. Na ninke takardar haka nan na ba da.