Kyanwar Inna da igiyar da ta rage mana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana da lambata, rabin matan kartiyenmu, wato unguwarmu, suna cikin gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma kafin wani ya turo mini hoton dariya ya daure ya karanta har ƙasa, na san da an ji maganar kyanwa ce za a ce matar nan ba ta da aikin yi. Wallahi aurena ne yake tangal-tangal, kuma ni da bakina na jawo.

Ina aure a Briqueterie, nan Yaoundé, shekararmu goma sha ɗaya, da 'ya'ya mata biyu. Maigidana mahauci ne, da asuba yake tafiya abatuwa ya dawo da nama ya kasa a teburinsa na bakin titi. Mutum ne ƙato, irin wanda ake kira in bijimi ya gagara. Ba ya duka, ba ya rowa, miyar gidana ba ta taɓa rasa nama ba. Aibinsa ɗaya ne, baki, in ransa ya ɓaci maganar tana riga hankalinsa fitowa. A farkon aurenmu sau biyu ya furta saki a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sau biyu kuma ya biyo ni gidanmu a Nkomkana yana share ido da hularsa. Saboda haka igiya ɗaya ce ta rage tsakaninmu, shekara takwas ke nan muna lallaɓa ta, ni da shi duk mun san da ita ko ba mu faɗa ba.

Wata biyar da suka wuce Innata ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Shekara biyu ta yi tana kwance, kuma a shekara biyun nan wadda ta fi mu duka zama da ita kyanwarta ce, wata ja mai farin wuya da take kira Minu. Mu mu zo mu tafi, ita tana nan kwance a ƙafafunta. Ana saura kwana uku ta cika ta kama hannuna ta ce, "Ke, kar ki bari a watsar mini da Minu a titi, kin san garin nan akwai masu sa su a tukunya." Na ce Inna ki bar wannan maganar, ta ce sai na amsa, na amsa. Bayan sadakar arba'in yayyena suka zuba 'yan haya a ɗakin, babu wanda ya ce uffan kan kyanwa, na sa ta a kwando na rufa mata zanen Inna na tare taksi muka taho.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na san Maigida ba ya son kyanwa, har dalilin ma na sani. Yana da tabo a ƙasan idonsa na hagu. Duk abatuwa an san ƙahon bijimi ne ya yi masa shi lokacin yana koyon sana'a a Ngaoundéré, shi da kansa yake ba da labarin, har da launin bijimin da yadda ya kama ƙahon ya murɗe. A shekararmu ta farko, wata rana ruwan sama ya hana shi fita, ya gaya mini gaskiya. Yana ɗan shekara bakwai aka aike shi ɗebo dawa, ya leƙa rumbu ashe kyanwa ta haihu a ciki, ta yi tsalle ta kama masa fuska, da ƙyar aka ɓamɓare ta. Tun daga ranar tsoron kyanwa ya shige shi. Ya ce ko mahaifiyarsa ta daina tayar da zancen, ni kaɗai ya gaya wa, kuma na yi masa alkawarin ba mai ji.

Na ɗauka in ya ga ta Inna ce, kuma yana ganinta kullum, zai saba. Ranar da na kawo ta bai yi faɗa ba, ya ce ta zauna a kicin har in sama mata wuri. Abin da ban lissafa ba shi ne mahauci ko ya yi wanka sau uku ƙanshin nama ba ya barinsa. Minu ta duba gidan kaf ta zaɓe shi. Ni da nake ba ta abinci ko kallo ban ishe ta ba, amma da ta ji sallamarsa za ta fito a guje tana goga masa jiki a ƙafa. A cikin takalmin aikinsa take barci, in ya tayar da nafila ta zo ta zauna a bakin sallaya tana jira. Sai ka ga ƙaton mutum tsaye a tsakar gida ya ɗaga hannu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, yana cewa, "Maman Ummi, zo ki ɗauke abin nan, don girman Allah." Yara su ruga ɗaki su toshe baki, ni ma Allah ya yafe mini na yi dariyar sau da yawa.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na yi mata wanka da sabulu mai ƙanshi, na nuna masa ɓerayen da ta kashe a bayan buhun shinkafa, na tura masa bidiyon wani limami da kyanwa ta hau kafaɗarsa yana salla bai ko motsa ba. Na dafa masa tuwon shinkafa da miyar yakuwa na bari sai da ya ƙoshi na kawo zancen, ya ce shi ba ƙinta yake ba, jikinsa ne ba ya yarda, in ba shi lokaci. Da na ba shi lokacin da yanzu ba na wannan rubutun. Gaggawa ta ci ni.

Ina da kawu, wan Inna, malamin allo ne, Maigida yana girmama shi sosai. Na je na same shi na ce ya yi masa nasiha, ya nuna masa kyanwa ba najasa ba ce, kuma akwai lada a ciyar da ita. Don ina so ya bi shi a hankali, kar ya ɗauka taurin kai ne kawai, sai na gaya masa labarin rumbun. Na ce Kawu wannan tsakaninmu ne, ya ce ai ya gane. Na manta abu biyu, Kawu ya tsufa kunnensa ya yi nauyi, shi a wurinsa raɗa ma da ƙarfi ake yinta, sannan bai iya kiran mutum gefe ba, inda ya gan ka nan ne makaranta. Ranar Juma'a bayan la'asar ya kama hannun Maigida a ƙofar masallacin da mahauta suke salla, mutane suna neman takalmansu, ya ce masa, "Haba ɗana, don kyanwa ta yage ka kana yaro shi ne za ka riƙe ta a zuciya har yau? Ga tabon nan ai ya warke, sai ka yafe mata."

Duk wanda ya san mahauta ya san sauran. Mutane ne da tsiya ita ce gishirin aikinsu, kuma shekara ashirin yana cika musu baki da bijimin nan. Washegari tun daga ƙofar abatuwa ake masa miyau. Aka kawo wani sa mai faɗa, wani ya ɗaga murya ya ce a kira shi, wannan ba shi da farce. Teburinsa ya koma teburin Mai Mage, har matan da ke zuwa sayen nama daga wasu kartiye suna nuna fuskarsa suna tambayarsa da Faransanci wai patron, wato oga, da gaske ne abin da ake faɗa. Kwana huɗu ya daure bai ce mini komai ba, ni kuma ban san wainar da ake toyawa ba, Kawu ma aiko mini ya yi wai ya yi magana kuma in sha Allahu an dace.

Rana ta biyar ya dawo tun kafin azahar, ƙanensa yana biye da shi da sauran naman a roba. Bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi mini, wa na gaya wa. Na faɗa. Ya ce shekara goma sha ɗaya abu ɗaya tak ya ba ni ajiya. Ina cikin ba shi haƙuri sai ga Minu ta fito daga kicin, ta nufe shi kai tsaye ta goga masa wuya a ƙafa kamar kullum. A nan bakin nan nasa ya riga shi. Ya ce in fitar da ita yanzu, kuma duk ranar da ta sake shigowa gidan nan ya sake ni. A gaban ƙanensa ya faɗa. Yana rufe baki na ga fuskarsa ta sauya, ya zauna a kan turmi ya dafe kai, ni kuma na tsaya da kyanwa a hannu, kowa a cikinmu ya san igiya nawa ta rage.

Malamai biyu muka je wa, ba Kawu ba. Dukansu suka ce magana ta ɗauru, ba a janye ta, in ta shigo sakin ya auku, ko wani ya kawo ta ko ta kawo kanta. Na tambaya in muka tashi daga gidan fa, ɗayan ya juya ya tambayi Maigida me ya nufa a ransa lokacin da ya faɗa. Na zuba masa ido ina roƙonsa a zuci, amma shi ba ya iya ƙarya a gaban malami, ya ce duk gidan da yake ciki ya nufa.

Na kai ta wurin ƙanwata a Ekoudou aka kulle ta a sito. Tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, kuma kyanwa ba ta mantuwar hanya. Sau biyu tana kuɓucewa. Na farko a kan katangar maƙwabta na gan ta, na yi ihu har matar gidan ta ɗauka gobara ce. Na biyu ana yayyafi, na buɗe ƙofa zan zubar da ruwan wanke-wanke na same ta a bakin kwata, taku uku tsakaninta da dokin ƙofa, ta jiƙe, tana ganina ta ɗaga jela ta taho. Na watsa mata ruwan, na bi ta da jifa da takalmi. Ta tsaya can nesa tana kallona, kyanwar da ta yi shekara biyu tana ɗumama ƙafar uwata. Ranar ban iya cin abinci ba. Yanzu na toshe rariya da bulo, na sa raga a tagogi, na hana yara barin ƙofa a buɗe ko na minti ɗaya, biki da suna duk na daina zuwa, ko ɗan tsuntsu ya sauka a kan kwano sai gabana ya faɗi.

Ga abin da ya fi karya mini zuciya. Maigida, don tsoron kar yunwa ta koro ta, ya fara ɗaure guntayen huhu da hanta a takarda kullum in ya tashi daga tebur ya kai Ekoudou. Da farko a ƙofa yake miƙa wa ƙanwata ya juya. Daga baya ya fara jefa mata daga nesa. Satin da ya wuce ƙanwata ta kira ni ta ce Yaya ba za ki yarda ba, na leƙo na same shi a tsugune, tana ci a gaban ƙafarsa, ya sa yatsa ɗaya yana taɓa bayanta. Da ya dawo ban tambaye shi ba, yana wanke hannu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe jikin Minu laushi gare shi." Karon farko ke nan da na ji sunanta a bakinsa. Na shiga kicin na yi kuka mai isata. Abin da na yi ta nema wata da watanni ya zo, a lokacin da ba shi da amfani. Kuma ciyarwar ta ƙara ɓata lamarin, don yanzu ta ƙara maƙale masa, jiya ta faki ido ta biyo shi har layin masu ɗinki, saura lanƙwasa ɗaya su shigo lungunmu, sai wani tela ne ya ce masa ga 'yarka nan a baya. Shi da hannunsa ya ɗauke ta ya hau moto, wato acaɓa, ya mayar.

Mijin ƙanwata ya gaji, ya ce gidansa ba kurkuku ba ne, zuwa Juma'a mu san inda za mu kai ta. Shi shawararsa a sa ta a buhu a ajiye a daji can hanyar Obala. Wani maƙwabcinsu ya ce a ba shi, na kuma san abin da yake nufi da a ba shi. Maigida ya ce akwai direban motar shanu da ke komawa arewa ba kaya, zai iya kai ta Ngaoundéré wurin wata gwaggonsa, amma tsohuwa ce da ba ta gani sosai, ban san ko za ta kai ba, ban san ko za a kula da ita ba, kuma na tabbata ba zan sake ganinta ba. Ni da shi kuwa, na ba shi haƙuri ya fi sau ashirin, yana cewa ya wuce, amma ya daina ba ni labarin wurin aiki, in na shigo yana duba madubi sai ya ajiye.

Yanzu haka da rana tsaka nake rubuta muku wannan, ina zaune a bakin ƙofa da bokitin ruwa a gefena, ina gadin aurena kar kyanwar uwata ta shigo. Malaman da ke cikin nan, da gaske babu wata ƙofa ko ƙarama? In kuma babu, 'yan uwa ku gaya mini, in ba direban nan ita in ci amanar Inna, ko in ci gaba da zama da bokiti har ranar da zan shiga wanka ta riga ni? Juma'a saura kwana uku.