Ina So In Mayar da Kakata Gumel Ta Hanyar da Ta Zo

Anti Jamilatu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

A Mahjar aka haife ni, nan Jidda, ban taɓa taka ƙasar Hausa ba. Abin da na sani game da ita daga bakin kakata ne, Hajiya Barakatu, sai kuma littattafan soyayya da alhazai ke kawo mana, ina karanta su har su yage. Ita da ƙafa ta taso daga Gumel tana amarya, tare da kakana, sai da suka yi tsinkar auduga a Sudan kafin su ƙetaro teku. Muna yara, in ta gama tuyar ƙosai, takan zaunar da mu ta ba mu labarin tsamiyar ƙofar gidansu da ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Wallahi in na rufe ido ganin tsamiyar nan nake yi.

Yanzu ta tsufa, ta fara mantuwa. Sai na ce wa maigidana Salihu mu ɗauke ta, mu hau jirgin ruwa, mu bi sawunta har Gumel. Shi direban wani injiniya Bajamushe ne a Abhur. Ya je ya ba shi labari, mutumin ya tuntsire da dariya, ya ce a yankinsu na Bavariya “Schnapsidee” suke kiran irin wannan, wato dabarar da ke zo wa mutum in ya sha ya bugu. Ni da ko warin giya ban sani ba! Salihu ya ce halas, wato magana ta ƙare, Hajiya ba ta da iƙama, takardar izinin zama, in ta fita ba dawowa. Na sha kuka. Wauta ce, Anti?

Mai Begen Gumel

*

'Yata, bege ne ke damunki, kuma ba abin kunya ba ne. Salihu bai kyauta ba da ya kai zancen gida wurin aiki, ki gaya masa haka cikin lumana. Amma batun iƙama gaskiyarsa ce, ga tsufa, ga nisan hanya.

Na karanta wasiƙarki, ban ga inda Hajiya ta ce tana son komawa ba. Wadda ta tako tun daga Gumel don ta kusanci Ɗakin Allah, mai yiwuwa burinta ƙasa mai tsarki ta rufe ta. Ki tambaye ta tun tana iya ba ki amsa. Ki sayi kaset ki ɗauki muryarta, da sunayen danginta da na unguwarsu. Ke ce mai son ganin Gumel, to ku shirya da mijinki ku je ta jirgin sama, ki kunna wa danginta su ji.

Kaset ɗin dai kada ya wuce makon nan. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya sanyaya zuciyarki.