Faifan Inna a Gonar Shinkafa

Ikko,
3 ga Maris.

Zuwa ga uwargidana Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Husna da Baba da duk mutanen gida. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da kewarku, wadda har yau ban ga mai sayar da maganinta a garin nan ba.

Kin san ni da waya. Da na ji muryarki sai abin da na shirya faɗa ya gudu, in ɓige da tambayar awaki. Shi ya sa na ba Malam Isma'ila direban motar tumatir wannan takarda, tunda ta Burumburum yake bi in zai koma.

Maganar idon Baba ta hana ni sukuni. Kin ce likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, ɗan abin da ya rage kuma bai fi na watanni ba. Allah ya sa kaffara ne. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da ya yi miki kina ajiye masa koko, wai ko hoton nan mai motsi da na ɗauki Inna yana nan. Shekara uku da rasuwarta, ban taɓa jin Baba ya ambace ta ba sai a addu'a. In har ya iya buɗe baki ya tambayi surukarsa, to abin ya kai masa ko'ina.

Ke ba ki san hoton ba, lokacin kina gidanku wankan jegon Husna. Bazarar nan ce da ruwan Tiga ya ja baya sosai, har kufan tsohon garin su Baba da dam ya cinye ya leƙo. Na ari babbar kyamarar wurin aikina na zo da ita. Baba ya tuƙa kwalekwale, Inna tana gaba da mayafinta ruwan ƙasa. Ta nuna mini inda ɗakinta na amarci yake, da bakin rijiyar unguwa, ta zauna a kan wani dutse ta yi waƙar niƙa tana dariya. Kusan awa biyu na ɗauka.

Ma'ajiyar kwamfutata ta ƙone bara, da duk abin da ke cikinta. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, faifan da na ba Yaya Dauda ya adana. Don Allah ki karɓo shi ki ba Malam Isma'ila, ni zan juye shi in zo da abin kallo. Kada ki bari ya kwana biyu, idon Baba ba zai jira mu ba.

Ki gaishe da Baba da kyau, ki shafa mini kan Husna.

Naki har kullum,
Mu'azu.

Ikko,
17 ga Maris.

Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ya jikin Baba, ya zafi? Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, sai da na nemi wurin zama.

Wato Yaya Dauda ya sa faifan a dibidinsa bai yi ba, ya kai na maƙwabta bai yi ba, sai ya yanke hukuncin babu komai a ciki. Daga nan ya huda gefensa da ƙusa mai zafi, ya rataye shi a gonar shinkafa tare da tsofaffin faya-fayai yana korar tsuntsaye, yau wata guda ke nan. Inna ce fa a ciki! Na yi fushi, na kuma yi dariyar da ba ta daɗi. Da na huce sai na ga laifina ne. Na miƙa wa mutum abu ban gaya masa ko mene ne ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Bari in yi miki bayani, tunda ke malamar makaranta ce, kin fi ni iya isar da magana. Faifan ba fanko ba ne. Irin wanda ake kira bulure ne. A ido daidai yake da na dibidi, amma yana ɗaukar abin da faifan dibidi biyar za su ɗauka. Hoto da murya duk lambobi ake mayar da su, sannan wani siririn haske ya ƙona su ɗigo-ɗigo a jikin faifan, a kan layi ɗaya da ke farawa daga tsakiya yana kewayawa har gefe, yadda Inna take fara saƙar faifan kaba daga cibiya. In za a kalla, haske ne kuma yake bin layin yana karanta ɗigon. To na'urar Yaya jan haske gare ta, bakinsa da kauri. Ɗigon bulure kuwa ƙanana ne ƙwarai, layukan a matse, sai haske mai ruwan shuɗi, wanda ya fi tsini, yake iya bambance su. Na'urarsa ba ta ga komai ba, shi ne ta ce babu komai. Mutane ma suna haka.

Na zaɓi irin wannan faifai ne don kyamarar tana ɗaukar hoto tar, har gashin gira kina ƙirgawa. Na ƙi in matse fuskar Inna a ƙaramin faifai ta dusashe. Ga shi tsabar son gyara ya kai ta gona.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Kin ce rana ta cinye rubutun da na yi a bayansa, ba a gane shi. Kada ku tsaya tantancewa, ku kwance su duka. Na san Yaya zai ce tsuntsayen jan-baki za su gama da shinkafarsa, don haka na ba Malam Isma'ila ɗaurin lalatattun faya-fayai daga wurin aikinmu, sun fi hamsin, ya rataya har a wuyan jakinsa in ya so.

Sannan, don girman Allah, kada ki wanke su. Na san hannunki, in kika ga datti sai kin kai masa toka da soso kamar gindin tukunya. Rubutun wannan faifai dab da fata yake, abin da ya rufe shi bai fi kaurin takarda ba. Ki riƙe kowanne ta gefe, ki naɗe shi shi kaɗai a tsohon ɗankwali mai laushi. In dole sai kin share ƙura, ki ja daga tsakiya zuwa waje, kada ki kewaya.

Kada a gaya wa Baba komai tukuna. Ba na so in sa masa rai a abin da ban tabbatar ba.

Jiya na ga wata mata a bakin titi ta ɗaura kallabi irin ɗaurinki, na bi ta da kallo har na kusa faɗawa kwata. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Mu'azu.

Ikko,
2 ga Afrilu.

Zuwa ga Safara'u,

Assalamu alaikum, da fatan alheri gare ki da Husna da Baba. Kin ce yanzu sai ya lalubi butarsa kafin ya same ta. Wannan layi na takardarki na kasa wuce shi.

Saƙo ya iso, faifai ashirin da uku, kowanne da ɗankwalinsa. Ashe har na anko kika sadaukar. Da na kwance ƙullin, ƙamshin turaren wutarki ne ya fara fitowa, sai da na ɗan dakata.

Na Inna shi ne na goma sha bakwai da na gwada. Ga kashin tsuntsu, ga karce, ga hudar Yaya a gefe. Na wanke shi a hankali, na sa a na'ura, ta yi ta gurnani ta tofo shi. Na sake, ta sake. Kwana shida ina fama. Mai gidan aikinmu ya ba ni wata na'urar da ta fi haƙuri, wadda in ta kasa karanta wuri takan koma ta sake gwadawa sau ɗari. Abin da ya taimake mu shi ne masu ƙirƙirar faifan sun san za a karce shi. Ba sa ajiye bayani a dunƙule wuri guda, suna warwatsa shi tare da ƙarin lissafi, yadda in kaɗan ya ɓace na'ura za ta iya cike gurbin. Karcen da ya ratsa layuka a tsaye bai yi ɓarna sosai ba. Wanda ya bi layi ya kwanta a kansa shi ne mugu.

Ga abin da Allah ya bar mana: minti talatin da ɗaya na farko. Da yake rubutun daga tsakiya yake farawa, farkon tafiyar ya tsira, ƙarshenta kuwa yana can gefe inda ƙusa ta bi, zafinta kuma ya tauye abin da ke kusa. Waƙar niƙa ta tafi, Safara'u. Na kai wurin da ta zauna a kan dutsen, ta gyara mayafi, ta buɗe baki, sai fuskarta ta farfashe gida-gida, hoton ya tsaya. Faifan ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye ɗaya cikakke, na bayansa kuma sai abin da ya canza kawai, don haka in cikakken ya lalace duk masu bin sa sun rushe. Na san wannan tun ina koyon aiki, amma ban taɓa jin ciwonsa ba sai ranar. Na fita bayan shago na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar gaya miki ba.

Amma akwai ta. Tana magana, tana nuni da hannu, tana yi wa Baba tsiya wai ya manta hanyar gidan surukansa. Na juye abin da ya samu wuri uku, ba zan sake yin wautar farko ba.

Na nemi hutun mako guda an ba ni. Zan biyo motar Malam Isma'ila ranar Laraba. Ki ce wa Yaya ya aro babban talabijin na gidan kallon ƙwallo da janareto, ya kuma daina ɓuya, na yafe masa. Yanzu kina iya gaya wa Baba.

Sai na zo. Ki tanadar mini miyar kuka da kifin Tiga, na gaji da abincin mutanen nan.

Naki,
Mu'azu.

Ikko,
20 ga Afrilu.

Uwargida Safara'u,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, sai gajiyar hanya. Ina fata na bar ku lafiya, kuma Husna ta daina kukan tafiyata.

Kin tambaye ni sau biyu abin da ya faru a ɗakin Baba, na ce miki ba komai. Ba ɓoye miki na yi ba, bakina ne ya ƙi. Kin dai ga lokacin da ya ce kowa ya fita sai ni. Kada ki ji haushi, kin san ba zai kalli matarsa a gaban surukarsa ba.

Da kuka fita sai ya sa na miƙo masa rigarsa ta Juma'a da hula, ya shafa turare, ya zauna ya gyara zama, da hantsi, ba inda za shi. Na toshe taga da bargo na kunna. Muryarta ce ta fara fitowa, tana ce masa ya bi a hankali akwai kututture. Wallahi sai da ya amsa mata.

Sai dai bai gan ta ba. Ya ce haske kawai yake gani yana motsi, da wani abu ruwan ƙasa. Na matso da shi, bai gani ba. Na ce shi ke nan, mun makara. Shi kuwa ya ce ba komai, muryar ma ta isa, Allah ya yi mini albarka. Ya fara laluben sandarsa.

Nan na tuna irin hoton da na ɗauka. Na nemi wurin da ta juyo ta dubi kyamara, na tsayar, na yi ta ƙara girman fuskar har ta cika talabijin ɗin daga sama zuwa ƙasa. Da hoton dibidi ne da ya zama dusa. Wannan bai fashe ba. Na kama hannun Baba na kawo shi har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya fara daga goshi, yana bi kaɗan-kaɗan da ɗan abin da ya rage masa na gani, yadda mai koyon karatu yake bin allo. Ya daɗe. Da ya iso kuncinta na hagu sai ya tsaya, ya ɗora yatsa daidai kan billenta, ya ja shi daga sama zuwa ƙasa.

Sai ya kira sunanta. Asibi. Shekarata talatin da shida, ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ya gaya mata ta rame a hoton, ya gaya mata rijiyar da ta nuna ba ita ce ta unguwarsu ba, ta gaba ce, kullum sai ta yi masa musu. Ni dai na juya na fuskanci bango. Bai bari na saki hoton ya ci gaba ba, a haka muka zauna har aka kira azahar. Da zai tashi ya ce in kashe, ya gani, yanzu idon ya tafi duk ranar da ya ga dama.

Tun a mota nake tunani. Shekara bakwai ke nan ina ɗaukar fuskokin matan mutane a bukukuwan Ikko, tawa kuwa sau biyu nake ganinta a shekara. Na gaya wa mai gidanmu in aka gama ayyukan da na karɓa zan dawo, ko ɗan shago ne in buɗe a Tudun Wada. Ba na so sai idona ya kusa tafiya in zo ina laluben fuskarki a jikin gilashi.

Ki riƙa ɗiga wa Baba maganinsa a kan lokaci ko ya ce ya gaji. Ki gaishe shi, ki gaishe da Yaya Dauda da shinkafarsa. Allah ya jiƙan Inna, ya sada mu da alheri.

Wassalam. Ni ne mijinki mai kewarki,
Mu'azu Sale.