Fallen Zayyanar Baba

Setapak, 3 ga Maris

Zuwa ga Yayana Alhaji Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau. 'Yata Walida ta koma karatunta a makarantarsu ta titin Jalan Semarak, jaririya tana hannuna.

Yaya, gara ka ji daga bakina. Na ba da aron falle ɗaya daga Alƙur'anin da Baba ya rubuta da hannunsa. Kada ranka ya ɓaci tukuna. Fallen zayyana ne, na duba gaba da baya sau uku, babu aya, babu ko harafi.

Maƙwabciyarmu na ba, Madam Halina, tsohuwa 'yar ƙasar Foland, mai zane. Ta ce garinsu a bakin teku yake, jiragen ruwa ta fara zanawa tana budurwa. Da ta koma zana ma'aikatan tashar a gajiye, sai hukumar lokacin ta hana a nuna aikinta. Ta zo nan koyarwa shekara talatin da suka wuce, ba ta sake komawa ba. Ranar ta gan ni ina shanya fallayen saboda damshin garin nan, sai ta tsaya ta kasa tafiya. Wai jan nan da ruwan ɗorawar nan ba ta taɓa ganin irinsu ba. Aron mako biyu ta roƙa. Da ɗan yaren Malay ɗina na kasuwa muke magana, sauran da hannu.

A gaida Yaya Murja. Ƙanwarka, Rabi.

Kano, 9 ga Maris

Rabi,

Wa'alaikis salam. Na ga hoton takardarki a wayar ɗana Imran. Ƙafa da sauƙi.

Ke da kika yi sauka kina shekara goma sha ɗaya, ke ce da wannan aiki? Amana na ba ki, don ke ce mai karatun cikinmu. Mutanen nan da yabo suke farawa. Gobe sai ki ga zayyanar Baba cikin gilashi a wata ƙasa, an rubuta ba a san mai ita ba. Wa ya shaida miki labarin jiragen ruwan? Ita kaɗai. Ki karɓo.

Allah ya tsare. Muhyiddeen.

Setapak, 27 ga Maris

Yaya,

Sallama da gaisuwar ban girma. Ban so in rubuta wannan ba, don zato abu ne da nake tsoro, amma ga abin da idona ya gani.

Mako uku ke nan. Akwatunan katako sun cika ƙofarta. Wani mutum ya zo sau biyu yana aunawa, a jikin akwatunan kuma akwai takardar jirgin sama. Jiya na je da ƙosai. Tana zaune ta ba ni baya, hancinta kusan a jikin zanen da take yi. Na tambaye ta a hankali ko za ta dawo min da fallen kafin kayan nan su tafi. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Tak, tak, tak."

Yaya, a nan "tak" a'a ne. Ita ce kalmar da na fara koya wajen masu kifi. Sau uku ta faɗa. Na ajiye ƙosan na fito.

Ko tun ranar shanyar ta shirya? Ko shayin da take kawo min duk na wannan ne? Allah ya yafe min in na zalunce ta.

Rabi.

Kano, 28 ga Maris

Rabi,

Salam. Ba lokacin kunya ba ne. Ki ɗauki Alkasim mijin Walida, ki ɗauki mai gadin benen, a yi a gaban shaidu. Yau, ba gobe ba.

Muhyiddeen.

Setapak, 2 ga Afrilu

Yayana,

Assalamu alaikum. Fallen yana hannuna, ko lanƙwasa babu. Ka kwantar da hankalinka. Nawa ne bai kwanta ba.

Mun je kamar yadda ka ce, har da wani abokin Alkasim. Mai gadi ya buga ƙofa da ƙarfi, maƙwabta suka leƙo. Ta buɗe, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dube ni. Ta shiga ta fito da shi tsakanin farin kwali biyu, da safar hannu. Ashe ta ga ina alwala kafin in taɓa littafin, shi ya sa ba ta taɓa sa masa fatar hannunta ba.

Alkasim ya tambaye ta da Turanci me ya sa ta ce ba za ta bayar ba. Ta ce yaushe? Da ya faɗa mata, sai ta dafa bango. A yarensu, Yaya, "tak" i ne. In aiki ya ɗauke mata hankali, yaren uwarta ke fitowa.

Akwatunan zanenta ne. Garinsu ya nemi a nuna aikinta, karo na farko cikin shekara arba'in. Na ƙarshen shi ne wanda ta yi da launukan Baba. Idonta awa biyu kacal yake gani sosai da safe, shi ya jawo jinkirin. A ƙasan zanen ta bar fili, tana jiran in rubuta sunan Baba da ajami.

Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce wa Alkasim, "Wancan karon ma, da hukuma ta hana aikina, maza uku suka zo." Ta rufe ƙofa.

Ban ɗora maka laifi ba. Ni na san ta, ba kai ba.

Ƙanwarka, Rabi.

Setapak, 6 ga Afrilu

Yaya,

Sallama. Gobe akwatunan za su tafi. Yau da hantsi na ɗauki alƙalamina da tawada na je, ni kaɗai. Na ƙwanƙwasa a hankali, na ce ni ce Rabi, ko zan iya shigowa?

Daga ciki na ji, "Tak."

Ban san da wane yare ta amsa ba. Na tsaya ina kallon ƙofar, sannan na cire takalmina.

Ka sa mu a addu'a, ni da ita.

Rabi.